Gurbin da Ganga Ke Bar wa Mata

Duk wanda ya gaya maka na ajiye sandunan kiɗana don na tsani saksofon, ƙarya ya yi maka, ko kuma shi ma ƙaryar aka yi masa ya kawo maka ita da ɗuminta. Ina jin abin da ake faɗa, ai bangon Zongo ba shi da kauri. Masu zama wurin mai shayi sun ce kishin Habu mai busa saksofon nake yi, wai tun da ya shigo da ƙahonsa mai ƙyalli ido ya bar kaina ya koma kansa. Wasu mata sun ce shiriya ce ta zo mini, na gane kayan coci ne na guje su. Wani mai rubutu a intanet, wanda bai taɓa riƙe makaɗi ba, ya ce rigimar tsofaffi ce da yara, tsofaffi na riƙe da al'ada, yara na son zamani. Wannan ta ƙarshe ta fi ƙona mini rai, don tsohon ne ya kawo saksofon, ni yarinyar ce na ce ban yarda ba. Abin da muke faɗa a kansa wani ɗan shiru ne a tsakiyar kiɗa, wanda tsawonsa bai wuce baitin waƙa ɗaya ba. Ba ni da haƙurin bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina bayani, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tun kafin a haife ni unguwarmu take da badujala: manyan ganguna, ƙananan ganguna, farantan ƙarfe da ake gwarawa, da begila. Mu ne ke raka ango, mu ne ke tarbar alhazai, mu ne ke zagaya unguwa da Salla, kuma duk shekara muna fita konkur, gasar da unguwannin Kwatano ke yi tsakaninsu. Shugabanmu Baba Kofur ne, tsoho dogo mai gashin baki, wanda ya ce ya koyi kiɗa a bariki. Ba wanda ya taɓa ganin igiyar kofur a kafaɗarsa, ba kuma wanda ya isa ya tambaya.

Da ina ƙarama, safiyar Zongo da kunne ake gane ta. Kiran salla, sai kukan jirgin ƙasa daga wajen tasha, sai masu zemijan, wato 'yan acaɓa, suna ta da baburansu suna zagin juna da Fon da Hausa, sai ƙarar ƙullu yana faɗawa cikin mai a tandar Iya. Iya kakata ce, uwar mahaifina, mai waina a bakin layinmu. Iskar teku ba ta ƙaunar fatar akuya. Ganga in ta kwana a garin nan, da safe za ka same ta ta saki jiki, ka buga ta ce maka "ɓuf" kamar ka mari katifa. Sai an gasa ta. To, aikina ke nan tun ban kai tsawon babbar ganga ba: in kinkimo su daga zauren Baba Kofur, in jera su gefen murhun Iya, in riƙa juya su ina ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa har muryarsu ta tashi. In na matsa da su kusa da wuta, Iya ta ɗaga ludayi ta ce, "Ke, gasawa aka ce, ba soyawa ba. In ganga kike sha'awa da miya ki faɗa." In na yi nesa da su, Baba Kofur ya zo ya taɓa ya ce, "'Yar nan, wannan ai barci take yi." Gangunanmu har ƙanshin waina suke yi. 'Yan wasu unguwanni na yi mana dariya a kan haka, su ce in badujalar Zongo ta wuce yunwa ke kama mutum. Yanzu fatun roba muke da su, ana ɗaure su da ɗan makulli, ruwa ko rana muryarsu ɗaya. Sun fi sauƙi, ban musa ba, ni ma na huta da ciwon baya. Amma tun daga ranar da aka kawo su babu abin da ke kai ɗan badujala bakin murhun Iya sai in yunwa ta kai shi.

Abin da ba a gane ba game da begila shi ne ba ta iya waƙa. Muryoyin da ke cikinta kaɗan ne, kira kawai ta iya, kamar mai tsayar da mota. Ganga ma ba ta iya waƙa, tambaya take yi. Saboda haka a babban takenmu, wanda muke shiga fili da shi, begila za ta yi kira, ƙananan ganguna su yi tambaya, "Su wa ke tafe? Su wa ke tafe?", sai babbar ganga ta buga ɗaya, sai kowa ya ɗauke hannu. Ba ka jin komai sai ƙafafu cikin yashi. Wannan shi muke kira gurbi. Daga can baya, inda matan unguwa ke biye da mu da goyo da faifai da ragowar tallan da ba su sayar ba, sai amsa ta taso: "'Yan Zongo ne, a ba su hanya, baƙon jiya ne mai gidan yau!" Iya ce ke ja musu. In biki ne ta saka sunan dangin amarya, ta tuna wa kowa daga inda kakansu ya taso da abin da ya fara sayarwa a kasuwar Tokpa. In konkur ne ta tsokani abokan hamayya. Ta taɓa ce wa 'yan unguwar Avotrou su koma su duba komarsu, kifi na jiransu, har mai babbar gangarsu ya yi dariya ya ɓata bugu. Ba wanda ya rubuta sunan matan nan cikin 'yan badujala, ba a taɓa ɗinka musu riga ba, amma in ka cire su taken ba shi da waƙa ko kaɗan. Baba Kofur da bakinsa yake ce mana, "Ramin da ke cikin ganga shi ke ba ta murya. Ku toshe shi ku gani, sai ta zama kujera."

Akwai shekarar da aka yi konkur a wani fili wajen Sainte-Rita, cikin damina. Iya ta ɗoro kurfoti, ɗan murhun ƙarfe, a kai tun daga Zongo, da garwashinsa, don mu gasa fatu a bakin fili. Na gasa su sun yi kyau, suna ƙara kamar a fasa gilashi. Muna shiga fili hadari ya haɗo daga teku, kafin mu kai tsakiya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye gefe na rungume kurfotin da ya mutu, ina jin gangunanmu suna mutuwa su ma, ɗaya bayan ɗaya. Masu begila na busawa ruwa na fita ta bakin ƙaho. 'Yan kallo suka fara ihu. Aka zo gurbi, babbar ganga ta ce "ɓuf", aka ɗauke hannu. Iya ta ja, mata suka amsa. Da lokacin komawar ganguna ya yi, Baba Kofur ya dubi fatun nan da suka zama tsumma, ya ɗaga sandarsa sama, bai sauke ba. Gurbin nan bai rufe ba har ƙarshen take. Matan suka ci gaba, suna tafi, suna buga faifai a cinya, zannuwa sun manne musu a jiki, maza kuma suna taka fareti a kan muryarsu, layi bai karkace ba ko kaɗan. Ban san lokacin da na yar da kurfoti na shiga cikinsu ba. Ranar na fara jin muryata a cikin ta mutane, har na kasa bambance tawa. Na biyu muka zo. Muka dawo a ƙafa cikin ruwan da ya kai ƙwauri, Iya na cewa a biya ta garwashinta. Ni dai a ganina mun ci. Ban lura da fuskar Baba Kofur ba, ƙuruciya ba ta duban fuskar manya.

Daga ranar na ƙudura sai na buga ganga. An ce mace ba ta shiga layi, na ce a nuna mini inda aka rubuta. Mahaifina ya ce in fuskanci lekol, wato makarantar boko, na fuskanta, na kuma riƙa kiɗa a kan tebur har malamai suka gaji da korata daga aji. Na buga gwangwani, na buga bokiti, na buga bayan ƙannena. Baba Kofur ya kore ni har ya gaji, ya ba ni wuri a ƙarshen layi. Daga ƙarshen layi na tura, na tura, har na kai gaba, ni ce mai ƙaramar ganga ta farko, wadda kowa ke ɗaukar bugu daga hannunta. Ranar da ya miƙo mini sandunan gaba na yi kuka a gaban maza, abin da na rantse ba zan taɓa yi ba. Na faɗi wannan ne don a san abin da na ajiye ba a hanya na tsince shi ba.

A cikin shekarun nan abubuwa sun yi ta zamewa, ba mu ankara ba. Aka shimfiɗa wa layuka dutse, ƙafa ta daina yin "sus-sus" cikin yashi, ta koma "ƙwas-ƙwas". Matan da ke biye da mu suka ragu, waɗanda suka rage rabinsu hannu na sama riƙe da waya, kuma mai ɗaukar bidiyo ba ta waƙa, kada ta ɓata sauti. Amma gurbin na nan, Iya na nan, in ta ja ana samun masu amsawa.

Sai bana masu shirya konkur suka ce an buɗe ƙofa: duk badujalar da ke so ta saka saksofon da kilarinet da sarewa, kuma juri, wato alƙalan gasa, za su ba da maki a kan daɗin waƙa. Aka kira taro a zauren Baba Kofur bayan la'asar. Mai babbar ganga ya ce, "Mu badujala ne ko fanfar, masu busa ƙahonni a jana'iza?" Wani mai begila ya ce in ƙaho mai kara a baki irin saksofon ya shigo, su an gama da su, wa zai saurari mai kira in ga mai waƙa. Wani ya ce to a saka algaita mana, ita ai tamu ce, kowa ya huta. Aka yi ta hayaniya, wannan na cewa asali, wancan na cewa zamani. Ni a lokacin ban ga abin tashin hankali ba. Ƙaho ne, a ƙara mana. Baba Kofur ya bari aka gaji, sannan ya leƙa waje ya ce, "Habu, shigo." Habu ɗan layinmu ne, tare muka yi firamare, ya je ya koyi busa wurin masu fanfar a Gbégamey. Ya shigo da abokansa, ya buɗe akwati, ya lashi ɗan karan bakin ƙahon, ya busa takenmu. Gaskiya ɗaya ce, yaron ya iya. Mai babbar ganga da ke zagi ɗazu ya ce, "Kai, ɗan banza, sake." A nan aka yanke magana.

A bikin ɗan wani mai motocin haya muka fara fita da su. Muna tafe, ina gaba, begila ta yi kira, muka yi tambaya, babbar ganga ta buga ɗaya, muka ɗauke hannu. A daidai nan layi ya karya kwana, sai ga ni ina kallon baya. Na ga Iya. Ta gyara mayafi, ta ɗaga haɓa, ta ja numfashi, ta buɗe baki. Sai saksofon ya shigo. Waƙarta ya busa, ita ɗin dai, da lanƙwasarta da komai, har da wani ado da ya ƙara mata. 'Yan biki suka yi shewa, aka yi ta liƙa wa Habu kuɗi a goshi. Iya ta tsaya da baki a buɗe, sannan ta rufe shi, ta kama gefen mayafi ta goge shi kamar wadda ta gama cin abinci. Matan da ke gefenta suka dube ta, suka ga ba ta ja ba, su ma suka yi shiru. Ba wanda ya lura. Ni na ɓata bugu, karo na farko tun da na hau gaba.

Ban jira an watse ba na tari Baba Kofur.

"Baba, an toshe gurbi."

"An cika shi dai," ya ce. "'Yar nan, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

"Ai kiɗan bai sauya kansa ba, kai ka sauya shi. Su busa daga farko har ƙarshe, ban hana ba. Su bar wa mata wurinsu."

"Ina kike so a ji saksofon? Ku goma sha kuna dukan fata, kara zai yi gasa da ku? Nan ne kaɗai kuke yin shiru."

"Ba don shi muke yin shirun ba."

Ya dube ni. Idonsa ya fara hazo, sai ya karkata kai yake ganin mutum sosai. Ya ce, "Kin tuna ranar ruwa? Ke kina can kina tsalle. Ni na je gaban juri, rigata na ɗiga. Babbansu ya ce mini abin da muka yi ya burge shi, amma bakin mata ba kayan kiɗa ba ne, ba su da inda za su rubuta shi. Tun kafin a haifi ubanki nake fita konkur ɗin nan, na biyu, na uku, na biyu. Ina so in riƙe kofin nan da hannuna kafin a ɗauke ni a makara. Laifi ne?"

Ba laifi ba ne, kuma na gaya masa haka. Na kuma tuna masa maganar rami da kujera. Ya ce, "Da na faɗe ta ina da sauran shekaru."

Washegari da safe na je bakin murhu. Iya na juya waina da tsinke, ba ta ko ɗago ba.

"Iya, me ya sa kika yi shiru jiya?"

"A gidan wa aka koya miki katse mai magana? Yaron na magana."

"Maganarki yake yi! Wurinki ne."

"Ke dai kin cika zafi kamar man tanda. Wurin da aka bar maka shi ne naka. In an daina bari, sai ka kama kanka." Ta kwashe waina ta zuba wani ƙullun. "Kuma ko na so, daga can baya yanzu ba na jin tambayarku. Layi ya yi tsawo, ƙahonni sun tare. Yaran nan kuma ba su san baitin ba, sai dai su ɗaga mini waya a fuska kamar masu neman aljani."

"In da ganga a kusa da ke fa? A gefenki, tana yi miki tambayar a kunne?"

Sai a nan ta ɗago. Ta ce, "Gangar wa? Ke ai ta gaba ce."

Da la'asar na kai wa Baba Kofur sandunan gaba, na ajiye a kan tabarmarsa, a gaban kowa, don ni ba na yin abu a ɓoye. Na ce masa ranar konkur zan kasance a baya tare da mata. Dokar gasa ta yarda 'yan unguwa su bi badujalarsu, ba ta ce su ɗinke baki ba. In gurbi ya zo za mu amsa, ko da saksofon ko babu. Na ce kuma ina son tsohuwar ƙaramar gangar nan ta fata da ke rataye a bango, wadda gizo-gizo ya yi gida a ciki.

Mai babbar ganga ya ce, "Ke da kika yi mana kuka a kan gaban nan?"

Na ce, "Ni ɗin dai."

Habu, wanda ke kirana Shef, wato shugaba, ya ce, "Shef, ni fa ba faɗa nake da Iya ba. Waƙarta ce ta sa na koyi busa."

"To ka koyi inda take yin shiru, da inda ake yi mata shiru."

Ya yi dariya ya ce, "Ƙaho huɗu ne fa. In kun rufe mu, wallahi da kaina zan sauke nawa."

"Ka riƙe wallahinka, za a tambaye ka ita."

Na san abin da nake taɓawa. In muka yi karo da ƙahonni a gaban juri aka ji hargitsi, kofin da Baba Kofur yake jira zai iya wuce shi, kuma unguwa ba za ta yafe mini ba, ni ma wataƙila ba zan yafe wa kaina ba. Na yi tunanin wannan, ban fasa ba. Kofin da aka ci bayan an rufe wa Iya baki, a kai shi wata unguwar, ba namu ba ne. Na hau benci na sauko da gangar, na kakkaɓe ta, na rataya a kafaɗa. Har na kai bakin zaure Baba Kofur ya yi gyaran murya.

"'Yar nan."

"Na'am, Baba."

"Fatar nan ta tsufa. Kar ki matsa da ita kusa da wuta."

To, ga inda ake. Na bi gida gida, na samu masu waina, masu koko, masu atamfa a Tokpa, da 'yan matan da muka yi lekol tare. Sharaɗina ɗaya ne, duk wadda za ta zo ta bar wayarta a jaka. Kullum bayan la'asar za mu haɗu a bakin layi Iya ta koya musu baitin, har da sabon da ta ce ta tanadar wa masu ƙaho, wanda ta ƙi faɗa mini tukuna. Ta ce in nemo mata citta da zuma, muryarta ta yi tsatsa. Gobe da safe, kafin ta ɗora tanda, zan kai ganga wuta.